Tikitin Kyauta: Kura da Shan Bugu, Gardi da Karɓar Kuɗi



Akwai wani irin bidiyo da ya cika mana waya kwanakin nan, kuma mun tabbata da yawanku kun ci karo da shi. Saurayi ne ko budurwa a cikin jirgin sama, an miƙe ƙafa a kujerar manya, ga kofin lemo a hannu, ana murmushi ana cewa wannan tafiyar ko sisi ba a biya ba, da maki aka zo. Daga nan sai a ce ka duba ƙasa ka latsa, ka buɗe katin bashi na kamfanin jirgi kaza, kai ma ka tashi kyauta. Da Turanci aka fara, yanzu har da Hausa ana yi, domin wasu 'yan uwanmu mazauna Amurka sun shiga sahu, suna kwaɗaita wa ɗalibai da sababbin zuwa, waɗanda duk burinsu su samu tikiti mai rahusa su leƙo gida su ga iyayensu. Mu dai mun gaji da yin shiru. Ba don mai neman arahar tafiya aka ƙirƙiro wannan kati ba, kuma duk ranar da ya karɓe shi, galibi da kuɗinsa ake yi wa wani hidima.

Bari mu share fage saboda waɗanda ke gida. Katin da yawancinmu muka sani a Kano ko Maraɗi na cirar kuɗi ne: abin da ka ajiye shi kake taɓawa, in ya ƙare na'ura ta ba ka haƙuri. Katin bashi kuwa kuɗin banki kake kashewa, ƙarshen wata a turo maka lissafi. In ka biya duka, lafiya lau. In ka biya wani abu ka bar saura, kuɗin ruwa ya hau kan sauran. To katin jirgi katin bashi ne aka manna masa tambarin kamfanin jirgin sama: Delta da American Express, United da bankin Chase, American Airlines da Citi. Kowace dala ka kashe da shi, ko tumatir ka saya, ana rubuta maka maki, wanda suke kira mil. In makin ya taru, an ce ka canza shi da tikiti.

Asalin abin ba shi da muni. A 1978 gwamnatin Amurka ta tsame hannunta daga ƙayyade farashin tikiti, kamfanoni suka shiga gasa, kowa na neman dabarar riƙe fasinjansa. A 1981 American Airlines ya ɓullo da shirin AAdvantage, sauran suka bi sahu. Ƙa'idar a lokacin mai sauƙi ce: gwargwadon nisan da ka yi a jirginmu, gwargwadon makinka. Kamar gyara ne da mai hatsi ke ƙara wa wanda ya saba saye a wurinsa, kujerar da dama za ta tashi ba kowa sai a ba shi. A 1987 Citibank ya shigo da katin da ke ba da makin American Airlines, kuma daga nan ne gyara ta fara rikiɗewa ta zama haja. Yau ba ka bukatar ka taɓa shiga jirgi kafin ka tara maki. Abin da ake bukata kawai ka yi ta kashe kuɗi.

A nan ne masu bidiyo ba sa son tsayawa. Makin da banki ke rubuta maka ba daga sama ya faɗo ba, sayen sa bankin ya yi daga kamfanin jirgi, da tsabar kuɗi. Kamfanin ne ke ƙaga makin, ba ya kashe ko kwabo wajen ƙaga shi, ya sayar wa banki, ya karɓi dala a hannu yau, a kan alƙawarin kujerar da wataƙila zai bayar baɗi, wataƙila kuma ba za a taɓa zuwa nema ba. Delta shi kaɗai ya karɓi dala biliyan 6.8 daga American Express a 2023, ya karɓi kimanin biliyan 7.4 a 2024. Shugabannin kamfanin da bakinsu suka yi alfaharin cewa abin da ake kashewa da katunansu ya kusa kashi 1 cikin ɗari na dukkan tattalin arziƙin Amurka.

Annobar korona ce ta yaye zanen. A 2020 jirage suka kwanta, kamfanoni suka fita neman bashi, masu ba da bashi suka ce a kawo jingina. Me kuke zaton aka kai? United ya jinginar da shirin makinsa ya karɓi dala biliyan 6.8, kuma a takardun cinikin an yi wa shirin ƙima ta kusan biliyan 22, fiye da darajar kamfanin dukansa a kasuwar hannun jari a lokacin. Ku sake karanta wannan. Littafin da ake rubuta maki a ciki ya fi kamfanin da ya mallake shi tsada, da jiragensa da matuƙansa da komai. Delta ya karɓi biliyan 9 ta wannan hanya, American Airlines ya karɓi biliyan 10 a farkon 2021. Masu ba da bashin ba wawaye ba ne, sun san inda nonon yake.

To banki fa, da ya zuba waɗannan biliyoyi, sadaka ya yi? Banza ba ta kai zomo kasuwa. Ta ƙofa uku yake mayar da kuɗinsa.

Ta farko ita ce ladan da ake cira daga mai kanti. Duk lokacin da aka goga katin bashi a Amurka, mai shago na rasa wajen kashi 2 zuwa 3 cikin ɗari na cinikin, kuma katin da ya fi ba da lada shi ya fi tsada a gare shi. Mai shago ba zai ɗauki asarar ba, sai ya zuba ta cikin farashin kaya, kowa ya biya: mai kati, da mai tsabar kuɗi, da matar da ke wanke-wanke a gidan abinci wadda ko asusun kirki ba ta da shi. Masu bincike na Babban Bankin Amurka reshen Boston sun auna wannan a 2010, suka ce a shekara gidan da ke ciniki da tsabar kuɗi na asarar kimanin dala 149, gidan da ke amfani da kati na samun kimanin dala 1,133. An yi ta gardama a kan girman adadin, amma inda ruwan ke gangarawa a bayyane yake.

Ta biyu kuɗin shekara ne. Ƙaramin katin Delta mai launin zinare dala 150 ne a shekara tun 2024, babban dala 650. Shekarar farko sukan yafe wa na ƙaramin, don sun san ɗan Adam da mantuwa.

Ta uku ita ce mai kisa, wato kuɗin ruwa. Matsakaicin ruwan katin bashi a Amurka ya haura kashi 20 cikin ɗari a shekara, bashin kati da ke wuyan Amurkawa kuma ya zarce dala tiriliyan 1 tun 2023. A farkon wannan shekarar ta 2023 wasu masana, cikinsu har da ma'aikatan Babban Bankin Amurka, suka fitar da bincike a kan katunan lada gaba ɗaya, na jirgi da waɗanda ba na jirgi ba. Abin da suka gano shi ne kimanin dala biliyan 15 ke ƙaura kowace shekara daga hannun waɗanda ba su iya lissafin kati ba zuwa hannun waɗanda suka iya, daga masu ƙarancin ilimi zuwa masu yawansa, daga yankunan talakawa zuwa na masu hali. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. Saurayin nan da ya miƙe ƙafa a kujerar manya gaskiya ya faɗa da ya ce bai biya ba. Abin da bai faɗa ba shi ne wanda ya biya masa, kuma mai yiwuwa yana can bayan jirgin, gwiwarsa na gugar kujerar gabansa.

Mu ɗauko alƙalami mu yi lissafi, don kada a ce kumfar baki muke yi. Ka ɗauki ɗalibi ko ma'aikaci mai ƙaramin albashi da ke kashe dala 1,000 a wata da kati. Yawancin katunan jirgi maki ɗaya suke bayarwa a kan kowace dala, sai a wasu 'yan wurare da suke ninkawa. Mu yi masa alheri mu ce ya tara maki 15,000 a shekara. Masu bin diddigin harkar sukan ƙiyasta darajar maki ɗaya tsakanin santi ɗaya da ɗaya da rabi. A santi ɗaya da kwata, makinsa na shekara bai cika dala 190 ba. Cire kuɗin shekara 150. Saura abin da bai kai dala 40 ba. A wannan ƙasar kuma akwai katunan da ba su da kuɗin shekara, suna mayar maka da kashi 2 cikin ɗari na abin da ka kashe, tsabar kuɗi, wato dala 240 ga wannan mutumin, wadda zai iya sayen tikitin kowane kamfani da ita, ko ya biya haya, ko ya turo gida. Wannan duka fa in ya biya bashinsa cif kowane wata ne. In kuwa wata matsala ta taso, mota ta lalace ko aka kira daga gida ba lafiya, ya bar dala 2,000 a kan katin shekara guda, ruwan kaɗai ya wuce dala 400. Makin shekara biyu ya tafi ke nan, da ƙari.

Za a ce mana ai mun manta da tukuicin shiga, maki dubu hamsin ko sittin da ake bayarwa da farko. Ba mu manta ba, shi ne ma ƙugiyar. Sharaɗinsa ka kashe dala dubu biyu ko uku ko fiye cikin 'yan watannin farko. Mai hali dama yana kashe hakan ko ba kati. Mai neman araha kuwa sai ya ƙirƙiro saye-saye don ya cika ma'auni: waya sabuwa alhali tsohuwar na aiki, takalmi, tsarabar da ba a tambaye shi ba. Mun san wani ƙanenmu da ya yi haka a shekararsa ta farko a can. Ya samu makin kam, har ya turo mana hoton. Bashin ne ya bi shi wata goma sha, kuma lokacin da ya tashi neman kujerar zuwa gida makin ko rabin hanya bai kai shi ba. Banki ya san irinsa suna da yawa, da su aka gina lissafin.

Yanzu ga abin da ya fi ci mana rai. Maki kuɗi ne, amma irin kuɗin da mai kanti ke bugawa da kansa, ba ya aiki sai a kantinsa, shi ne kuma ke yanke farashi, yana iya canza shi cikin dare. Mu da muka ga yadda naira ta narke a aljihunmu bai kamata a yi mana dogon bayani a kan wannan ba. Da can kowane kamfani na da jadawali a rubuce: tafiya kaza maki kaza. Kana iya kafa buri ka yi ta tari har ka kai. A 2015 Delta ya cire jadawalinsa daga shafinsa ba tare da sanarwa ba. United ya bi a 2019. Yanzu farashin maki na hawa da sauka kamar na kuɗi: ranar da tikiti ya yi tsada, makin da ake nema ma ya yi tsada. Ka yi shekara uku kana tara abin da ya isa tikiti, ka zo a ce maka yau bai isa ba, kuma babu wanda za ka riƙe.

Haka kuma suka juya ƙa'idar samun makin ga mai tashi. Tun 2015 a Delta da United, da 2016 a American Airlines, ba nisan tafiya ake dubawa ba, kuɗin da ka biya ake dubawa. Mutum biyu a jirgi ɗaya, tafiya ɗaya, wanda ofishinsa ya saya masa tikitin dala 2,000 ya kwashi ninki biyar na wanda ya yi ta bincike har ya samo na 400. A ƙarshen 2021 Delta ya ƙarasa zancen: mafi arahar tikitinsa ko maki ɗaya ba ya samarwa. Ina wata shaida da ta wuce wannan? Kamfanin da kansa ya rubuta cewa mai sayen tikiti mai rahusa ba shi ne abokin tafiyarsa ba. A watan Satumban 2023 ma ya ƙara ɗaure igiyar a kan manyan abokan cinikinsa, ya ce matsayi sai da yawan dalar da aka kashe, ya taƙaita shiga ɗakin hutawa. Da aka yi ca, shugaban kamfanin Ed Bastian ya amsa cewa sun wuce gona da iri, aka sassauta kaɗan. Ku lura da waɗanda kukansu ya kai kunne: masu katin dala ɗari-ɗari. Lokacin da aka hana mai tikitin araha maki ba mu ji an janye komai ba.

Kotu fa? Akwai wani malamin Yahudawa a jihar Minnesota, Binyomin Ginsberg, wanda ya kai matsayi mafi girma a shirin makin kamfanin Northwest. A 2008 kamfanin ya kore shi daga shirin, wai ya cika ƙorafi. Ya kai ƙara, maganar ta je har Kotun Ƙoli, a 2014 alƙalai tara suka haɗu a kan cewa dokar nan ta 1978 ta hana shi amfani da dokar jiharsa wajen tuhumar kamfanin da rashin kyakkyawar niyya. In mai tashi kusan kowane mako bai tsira da matsayinsa ba, ina ga ɗalibin da ke tashi sau ɗaya a shekara biyu? Ku karanta sharuɗɗan waɗannan shirye-shirye, za ku tarar an rubuta ɓaro-ɓaro cewa makin ba dukiyarka ba ce, kuma kamfani na da ikon canza ƙa'ida duk lokacin da ya ga dama.

Hujjar da masu kare katin suka fi ƙarfi da ita ita ce jaka, kuma za mu ba su haƙƙinsu. A 2024 jakar farko dala 35 ce a yawancin manyan kamfanoni a tafiyar cikin gida. Iyali mai mutum huɗu, zuwa da dawowa, dala 280 ke nan, mai kati kuma an yafe masa. Tafiya ɗaya ta biya kuɗin shekara. Gaskiya ne. Amma wa ya kawo kuɗin jakar? Kafin 2008 jakarka cikin tikitinka take. A wannan shekarar American Airlines ya fara karɓar dala 15, sauran suka bi, har ta kai a 2023 kamfanonin Amurka sun tara sama da dala biliyan 7 daga jaka kaɗai. Mutum ya tare maka hanyar da ka saba bi, sannan ya sayar maka da mabuɗin shingen, kai kuma kana yi masa godiya. Southwest ne ya daɗe yana tutiya da cewa jaka biyu kyauta ne a jirginsa, da wannan talakan Amurka ya san shi. Ranar 28 ga Mayu, 2025 ya soke: ta farko 35, ta biyu 45. Sai dai in kana da katinsa, sai a yafe maka ɗaya. Wanda bai gane alaƙar kuɗin jaka da tallan kati ba, wannan rana ta isa ta koya masa.

Sannan ɗan uwanmu da ake yi wa wannan talla da Hausa, ina ya nufa? Ba Chicago zuwa Dallas yake mafarki ba, gida yake so, ga Sallah ko hutun ƙarshen shekara, lokacin da kowa ke son tafiya, wato daidai lokacin da farashin maki ke kaiwa ƙololuwa. Delta na tashi daga Atlanta zuwa Legas, United daga Washington zuwa Legas, amma babu kamfanin Amurka da ke sauka Kano, sai ya sake sayen wani tikitin da kuɗinsa. Yafiyar jaka a ƙaramin katin American Airlines ta tafiyar cikin Amurka ce, ba ta tsallaka teku. In ya ce zai bi ta Landan da British Airways, akwai kuɗaɗen ƙari da ake ɗorawa a kan tikitin maki, masu kai ɗaruruwan daloli, tsaba, kafin ya zauna a kujerar da aka ce kyauta ce. E, makin United na aiki a jiragen ƙawayensa irin su Ethiopian da EgyptAir da Turkish, amma kujerun da ake warewa don maki 'yan ƙalilan ne, kuma a watan Disamba sai mai dogon rabo.

Mai neman araha makami ɗaya gare shi: ya buɗe shafuka biyar, ya gwada farashi, ya matsa ranar tafiya, ya yarda ya kwana a filin jirgin Alƙahira ko Addis Ababa, ya ɗauki wanda ya fi sauƙi ko na wane ne. Aikin katin shi ne ya karɓe wannan makamin. Da zarar ka tara maki dubu arba'in a wuri ɗaya, zuciyarka ta ɗauru. Sai ka ga tikitin wani kamfani ya fi sauƙi da dala 150, ka ce a'a, bari in bi namu kada in yi asarar maki. Suna kiran wannan amana. Amanar da ɓangare ɗaya ke riƙewa, ɗayan na da ikon warwarewa da saƙon imel.

Mun san za a samu mai cewa, ni dai na ci riba, ga tikitina. Ba mu ƙaryata ka ba. Akwai masu cin riba: mai albashi mai kauri da ke biyan katinsa cif, mai zama kusa da babbar tashar kamfani irin Atlanta ko Dallas, mai tafiyar aiki da ofis ke biya shi kuma ya riƙe makin, mai lokacin zama ya yi ta lissafi kamar akanta. In kana cikinsu, Allah ya ƙara buɗi. Amma kada ka ɗauki rigarka ka ce za ta yi wa kowa daidai, kuma kada ka ce dabararka ce kaɗai ta jawo. Tsarin ba zai iya biyan kowa ba. Da duk masu katin za su yi yadda kake yi, da tuni an rage ladan. Ka duba Turai: a 2015 Tarayyar Turai ta ƙayyade ladan da bankin mai kati ke cira daga ciniki, kashi 0.3 cikin ɗari a katin bashi, shi ya sa ba ka ganin irin wannan ruwan makin a can. A Amurka da sanatoci Dick Durbin da Roger Marshall suka kawo ƙudurin da zai sa gasa a wannan ladan, a 2022 da kuma 2023, manyan kamfanonin jiragen sama na sahun gaba wajen yaƙar sa, suna tsorata mutane cewa za a kashe musu maki. Me ya haɗa kamfanin jirgi da dokar na'urar goga kati a kantin unguwa? Amsar na cikin biliyoyin da muka lissafo a sama. A Satumban 2024 ma'aikatar sufuri ƙarƙashin Pete Buttigieg ta buƙaci manyan kamfanoni huɗu, American da Delta da Southwest da United, su kawo bayanai a kan yadda suke rage darajar maki da ɓoye farashi. Gwamnati ba ta buɗe irin wannan bincike a kan kyauta.

Sai mu dawo kan masu bidiyo, musamman namu. Mahaɗin da suke cewa ka latsa ba taimako ba ne, dillanci ne. Duk wanda ya buɗe kati ta hannunsu, ana ba su maki ko kuɗi. Manyan shafukan da suka yi suna da koyar da dabarun maki ma da wannan kamasho suke rayuwa, kuma ko ma'aikaciyar jirgin da ke ratsa layi da takardar neman kati a hannu, a wasu kamfanonin tana da nata kason. Dillanci sana'a ce, ba mu raina ta ba. Amma dillalin kasuwar shanu kowa ya san shi dillali ne, kuma in ya ɓoye aibin sa gobe ba shi da fuskar shiga kara. Wanda ya zo maka a matsayin yaya, ya kira ka ƙanena, ya nuna maka kujerar manya, bai ambaci kashi 20 na ruwa ba, bai ambaci kuɗin shekara ba, bai ce yana da kaso ba, wannan ya ci amanar zumunci. Kuma abin mamaki, mutanen da a gida za su yi ta tambayar malamai a kan ɗan ruwan da banki ya ɗora musu a asusun ajiya, su ne ke tura yara sa hannu a yarjejeniyar da gaba ɗayanta a kan ruwa aka gina ta, ba tare da ko ambaton kalmar ba. Ba fatawa muka zo bayarwa ba, amma ko ba komai yaron na da haƙƙin ya san abin da yake sa wa hannu.

Wani zai ce ai sabon zuwa Amurka na bukatar katin bashi don ya gina tarihin biyansa, in ba haka ba haya ma sai ta gagare shi. Wannan gaskiya ne, kuma katin da ba shi da kuɗin shekara, ana biyan sa cif kowane wata, yana yin wannan aikin daidai da mai hoton jirgi.

Har kamfanonin da ke kiran kansu na talaka ba a bar su a baya ba. Spirit, wanda ya yi suna da tikiti mai arahar gaske da kuma cajin komai daban, ya fitar da katinsa tare da Bank of America, kuma a 2020 shi ma ya jinginar da shirin makinsa da sunansa ya karɓi dala miliyan 850. A Nuwamban 2024 ya nemi kariyar kotu daga masu bin sa bashi, a Agustan 2025 ya sake nema. Duka biyun ya ce wa masu maki su kwantar da hankalinsu, makinsu na aiki. To, maganar kamfani ke nan. Masu ba da bashi kuwa takardar jingina ce a hannunsu, da lauyoyi, da layinsu a gaban alƙali. Fasinjojin Air Berlin na Jamus sun ga ƙarshen irin wannan lamari a 2017: kamfanin ya durƙushe a watan Agusta, cikin 'yan kwanaki aka dakatar da canza maki da tikiti, kamfanin da ke riƙe da shirin makin shi ma ya bi bayansa, zuwa ƙarshen Oktoba jirgin ƙarshe ya sauka. Waɗanda suka yi shekaru suna tari sun buɗe asusunsu sun tarar da lambobinsu cif, ba ko ɗaya da ya ɓata, sai dai babu kujerar da za a saya da su.